Burtalin da Ila Ya Miƙar

Ila tun yana yaro a ƙauyensu na kusa da Olelewa ba ya son karkataccen abu. Ko kunya ya gani ta kauce a gona sai ya tsaya yana tsaki. Da aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, sai hali ya samu wurin zama. Ya koyi zanen gine-gine da tituna, har ya zama mai koyar da shi a Damagaram, ɗalibai na ce masa Mushe Ila, wato Malam Ila da Faransanci. Mutum ne mai kirki, sai dai in ya riƙe fensir ba ya jin kira.

A ranin 1981 hukuma ta so a yanka filaye a ƙauyensu, aka ce wa ya fi ɗan gida? Ya zo da igiyar awo, ya yi kwana uku. Yayansa Gajere ya bi shi har bayan gari, ya nuna masa wata hanya mai lanƙwasa tsakanin ƙayoyi.

“Ila, wannan ka bar ta yadda ka gan ta. Burtali ne. Nan Fulani da Buzaye ke sauko da dabbobi bayan girbi, su kwana gonata su bar mini taki.”

“Yaya, ai gari ba ya ci gaba da hanya kamar ta maciji. Za su bi ta wani wuri.”

Kuma suka bi ɗin. Da kaka makiyaya suka tarar da katangu a hanyarsu, ba su yi faɗa da kowa ba, suka karkata yamma, wani ƙauye ya samu takin. Gonar Gajere jigawa ce, taki ne ranta. Shekara ta farko gero ya ragu, ta biyu ya tsaya iya gwiwa. Da farin 1984 ya zo, bai tarar da komai a rumbunsa ba. Gajere ya kwashe iyali ya yi Kano.

Ila ya same shi a tashar Damagaram kafin motarsu ta tashi, ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri.” Gajere ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ba komai, ƙanena. Aikinka ne ka yi.” Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Abin haushin, taswirar ta yi kyau. Aka yaba, aka ƙara masa girma, daga baya aka tura shi Yamai ya koyi zana birane da na'ura, yana cikin na farko da suka iya. Ya yaye ɗalibai masu yawa, kowane aji sai ya ce musu kada su ja layi a ƙasar da ba su ga damina da kakarta ba. Suna rubutawa, su ɗauka ƙa'ida ce ta littafi.

Wasiƙa huɗu ya aika Kano, yana cewa ya samo wa yayansa wata gona mai kyau a Falanko. Amsa ɗaya ta zo, da hannun wani maƙwabci. An yi wa Gajere sutura tun watan Azumi.