Saniyar da Ta Yi Ƙwai

Wata Laraba ce cikin bazara, saura sati uku a rubuta jarrabawar shiga sakandare, ina aji shida a firamaren ƙauyenmu kusa da Gude. Zafin kwano ya kore mu daga aji, Malam Sabi'u ya jingina allo a gindin darbejiya, garin alli duk ya bi gemunsa. Ya rubuta tambaya da Turanci, ya fassara mana: duk dabba mai ƙaho tana yin ƙwai, saniya tana da ƙaho, to me za a ce game da saniya?

Ni kuwa tun ban iya rubuta sunana ba nake riƙe wa Inna maraƙi in tana tatsa. Na zaɓi amsar da ta ce saniya haihuwa take yi. Tambayoyi biyar masu irin wannan, duk biyar Malam ya soke min da jan biro. Ga shi ya riga ya faɗa cewa wanda bai ci gwajin ƙarshe ba, ba zai je Kabo rubuta jarrabawa ba, sai ya maimaita aji. Ban ɗaga hannu na tambayi dalili ba, don ko sunana aka kira da ƙyar muryata ke fita.

Da yamma a garke hankalina ya tafi, har maraƙin ya kuɓuce ya kama nono. Inna ta matsa min da tambaya, na gaya mata. Ta yi dariya har ƙwaryar ta kusa kifewa. "Ke 'yar nan, da nake ce muku a tatsuniya kura ta je kasuwa sayen zane, kin taɓa yi min musu? Ki shiga ki bi zancen yadda aka shimfiɗa shi. In kin fito, shanunki suna nan."

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma daga ranar ta zama malamata. Muna surfe, muna bakace, tana jefo min nata: duk mai wutsiya yana zuwa makaranta, akuya tana da wutsiya. In na yi jinkiri ta ce, "Akuyar ta makara." A gwajin ƙarshe ɗaya kawai na faɗi, Malam ya dube ni ta saman tabarau ya rubuta sunana cikin masu zuwa Kabo.

Ranar da muka dawo daga Kabo, na tarar da ita tana wanke ƙore. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Saniyar ta yi ƙwan?" Na ce, "Ta yi, Inna."

Yanzu a Gwarzo nake koyarwa, 'yata kuma a waya take gwada irin waɗannan tambayoyi, wayar ta nuna mata kore ko ja ba tare da ta yi mata dariya ba. Garken ya zama gona. Amma duk shekara akwai yarinya guda a bayan aji da ke ƙin amsar da ta san ba gaskiya ba ce, kuma wajenta nake fara zuwa.