Guɗar Randa da Guɗar Gwaggo Bara'atu

A unguwarmu Gawon Nama, in aka ce "mai guɗa" ba a ƙara suna ba, Gwaggo Bara'atu ake nufi. Yayar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu ni da ƙanwata Khairiyya bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ƙosai take soyawa da safe, amma abin da ya kai sunanta har Gidan Dahala da bayan Hubbare maƙogwaronta ne. Tun tana budurwa take rangaɗa guɗa a gidajen biki. In ta kama hanci ta saki murya, ko fushi kake a ɗaka sai ka leƙo. Ba don gwaggona ce ba, ban taɓa jin irinta ba.

Ana nan sai ga Sharifuddeen, mai gyaran waya a bakin titinmu, wanda shi da abokansa ke haɗa finafinan ban tsoro. Kada ka ɗauka wani babban kamfani ne. Kyamarar ta aro ce, jinin kuwa zoɓo ne aka kaɗa da koko, aljanar kuma wani abokinsu ne aka lulluɓe da farin zane aka bulbula masa garin alabo. In ka lura ma kana hango silifas ɗinsa. Duk da haka mutanenmu na son finafinan nan kamar me. Da an tura a waya, mata za su taru a tsakar gida bayan azahar, ana ihu ana rufe ido, ana leƙe ta tsakanin yatsu, sannan a kwashe da dariya. Daɗin abin, lungun da aljana ke bi lungunmu ne, katangar da take tsallakewa mun san mai ita.

Sabon fim ɗinsu labarin wata amarya ne da ta faɗa rijiya ranar da za a kai ta, take dawowa tana yi wa kanta guɗa. Sharifuddeen ya zo ya durƙusa gaban kaskon ƙosai.

"Gwaggo, guɗa muka biɗa, amma irin wadda in an jiya ba a murna."

"Guɗa ba murna? Halan kun rasa aikin yi, ku ɗiyan ga?" in ji ta.

Amma Gwaggo ba ta son a ce ga abin da muryarta ba ta iyawa. Ta gwada, ta sake gwadawa, duk ta fito zaƙi-zaƙi kamar an kawo lefe. Sai ta ce su dakata. Ta kwashe ruwan babbar randarmu, ta cusa kai ciki, ta saki guɗa a hankali. Wallahi da hantsi ne, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Sharifuddeen da kansa ya ja da baya har ya taka kwanon ƙullu.

Fim ya fita, gari ya ɗauka. Masu keke-napep suka mayar da guɗar ƙarar wayarsu. Gwaggo kuwa baki har kunne, duk wanda ya zo sayen ƙosai sai ta ce, "Ka ga aljanar? To jikin nasu na, muryat tawa ta."

Ba a jima ba abin ya juyo mata. A wani gidan suna ta yi guɗarta ta kullum, yara suka watse da gudu, wata mata ta saki kofin kunu. Gayyata ta fara ja baya. Ba ta damu ba, ta ce kowa ya ƙi ta shi ya yi asara. Sai da aka sa ranar Khairiyya. Gwaggon ango, Hajiya Sumayya, ta aiko cikin ladabi cewa a bar wata ta yi guɗar, tunda amaryar fim ɗin ba ta kai ɗakinta ba, ba sa son a yi musu mugun fata.

Na so in tafi in wanke su tas, Gwaggo ta hana. "Ba komi. Ɗiyata dai ta shiga lahiya." Ta koma tana goge kaskon da ta riga ta goge. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta raka 'ya'yan mutane ɗakunansu da muryarta, a ce ranar tata 'yar ta yi shiru.

Ranar ɗaukar amarya, bayan la'asar, motoci suka jeru. Wata da aka ɗauko ta yi guɗarta, ba laifi, ba yabo. Gwaggo tana madafa. Aka fito da Khairiyya a lulluɓe, da ta kai bakin zaure sai ta tsaya cak.

"Ba ni hita gidanga sai na ji Gwaggo."

Hajiya Sumayya ta matso tana lallashi. Khairiyya ta ce daga cikin mayafi, "Hajiya, ki yi haƙuri. Muryad da ka tashe ni sallah tun ina ƙarama, ita za a ce mani ta aljana ta?"

Hajiya Sumayya ta juya da kanta ta ce a kira Bara'atu.

Gwaggo ta fito tana share hannu da gefen zane. Sharifuddeen, da aka ɗauko ɗaukar hoton biki, ya ɗaga waya. Ta dube shi.

"Aje wayag ga. Ta randa taku ta. Wagga ta ɗiyata ta."

Ya ajiye. Ta kama hanci ta saki murya. Guɗar ta hau, ta hau, a tsakiya kuka ya karya ta, Gwaggo ta haɗiye ta sake kamo ta daga inda ta karye har ta kai ta ƙarshe. Babu yaron da ya gudu. Khairiyya ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama waje.