Inna Tayyiba Ta Hana Ƙauri

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Gagarawa ya san Inna Tayyiba mai awara. Tun tana amarya take suya a gindin darbejiyar nan, direbobi sun tsufa a gabanta, wasu har haƙora sun zube, awararta kaɗai suke iya taunawa. Mace ce mai sakin hannu. Ka tsaya kallon kaskonta sai ta miƙo maka ɗanɗano. To wai ita ake kira marowaciya yanzu a unguwa, kuma a kan ƙafar saniya.

Duk haihuwar da ta yi a rayuwarta, labarin ɗaya ne. Maigida ya sayo ƙauri, ƙafafun saniyar da ake dafa wa mai jego da yaji don ta mai da jiki. A yini ana dahuwa, sai kwanuka su fara sallama: na dangin miji, na gidan liman, na maƙwabciyar da ko barka ba ta shigo ba. Ita da ta sha naƙudar, romo ake tsiyaya mata da ƙashi guda, irin wanda ko kare sai ya yi shawara. A ɗura mata kunun kanwa, a fyaɗe ta da tafasasshen ruwa, a ce ta gode Allah.

Bara 'yarta ta fari, Ummulkhair, ta zo gida haihuwa, ta zubar da jini mai yawa. Malamar asibiti ta ce nama, hanta, ganye da hutu. A sirka ruwan wanka, a ajiye kanwa. Yarinya ta dawo tafin hannu fari fat, in ta miƙe jiri ya kwashe ta, nono ya ƙi zuwa. Mijinta Ya'u, mai dakon kaya a babur a Maigatari, ya yi abin kai, ya aiko da ƙauri har da hanta.

Tukunya na cikin tafasa sai ga Safara'u, gwaggon Ya'u, da kwanuka jere a faranti.

"Sannu da aiki, Tayyiba. Wannan na gidanmu, wannan na Malam, ƙaramin na surukar ƙanwata ne a Sule Tankarkar."

"Ita ma haihuwa ta yi?"

"Wa? Tsohuwa ce tukuf."

"To Allah ya ƙara mata lafiya. Sauke farantin, kada hannunki ya sage."

"Ban gane ba. Ɗanmu ne fa ya sayo."

"Matarsa ya sayo wa. Leƙa ɗakin ki duba idonta. In kin ga tana da jinin rabawa, zo in zuba miki."

Safara'u ta taɓe baki. "Ke ko kunyar 'yar fari ba kya yi? Uwar arziki ko kallon ta fari ba ta yi a gaban mutane, ke kin kasa kin tsare a bakin murhu."

Maganar ta soki Tayyiba. Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa kama sunanta ba, "waccan" take cewa, kuma ta san kafin la'asar zancen ya kai bakin famfo. Har ta kai hannu kan kwanon Malam, sai ta ji ƙarar moɗa a ɗaki. Ummulkhair ce ta yunƙura shan ruwa ta zame, jaririn na tsala kuka.

Tayyiba ta cika kwano da tsoka zalla, ta ratsa ta gaban Safara'u, ta yaye labule ta bar shi a yaye. Ta ɗago 'yarta ta jingina da ƙirjinta, tana yagar nama tana sa mata a baki. Kowa ya gani, dama don a gani ta yi.

Ranar suna rabin matan dangin Ya'u ba su zo ba. Waɗanda suka zo, tuwo suka ci suka ƙara, suna habaici da baki cike. Har yau akwai gidajen da ba a aiko mata goron biki. Ita dai ta ci gaba da kula da 'yarta da hanta da zogale da ruwa mai ɗumi. Da aka yi arba'in, Ummulkhair da ƙafarta ta taka har bakin titi, goye da ɗanta ƙato, ta hana kowa riƙe mata ko jaka.