Amawali a Hanyar Tahifet

Ban zo Tamanrasset ta Aljeriya don hawan keke ba. Siminti na zo ɗauka, kamar sauran ƴan Damagaram da muke cunkushe a ɗaki guda a unguwar Sersouf. Amma ranar Juma'a ba a aiki, ni kuwa zama ba ya yi mini, sai in ari tsohon keken maƙwabci in nufi duwatsu, hanyar Tahifet. Hanya ce marar mutunci: tsakuwa, yashin kwari, da hawan da sai ka ji kamar ƙirjinka zai tsage. Abokaina cewa suke wahalar mako ce ba ta ishe ni ba.

A can wani mai kamfanin yawon buɗe ido ya gan ni. Ya ce Nasara masu kekuna za su zo, yana neman wanda zai shige musu gaba, in na yi kyau zai nema mini takardun zama. Duk wanda ya taɓa laɓewa bayan tulin bulo don ya hango motar jandarma ya san nauyin wannan alkawari. Na yi wata da watanni ina bin hanyoyi, ina gwada masa inda keke zai wuce da inda sai an saɓa shi a kafaɗa.

Ranar tafiya ya ba ni sabon keke da rawani baƙi. Ya ce baƙinsa Buzu suke so su gani, jandarma ma ba su cika tsayar da ɗan ƙasa ba, saboda haka in rufe baki da amawali, kada in sauke. Ya manta Buzu raƙumi yake hawa. Shingen jandarma yana kan tudu, ni kuma numfashi ya ƙare mini, sai na ja amawalin ƙasa na iso baki buɗe ina haki, a gaban dattawan Buzaye da ke zaune gefen hanya. Wanda aka haifa cikin rawani ba zai buɗe bakinsa a gaban manya ba, kuma jandarman ya sani.

Ya nemi takardu. Na waiga wajen maigidan, yana cikin mota da ruwan sanyinsa. Har yau raina yana ɓaci in na tuna yadda ya dube ni.

"Ban san shi ba," in ji shi. "Keken dai nawa ne."