Direban da Bai San "Ke" Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji tsohuwar waƙar soyayya ta tashi a shagon caji, sai in rage tafiya ina jiran gaɓar da ya saba ɓatawa.

Baba direban bas ne, ɗalibai yake ɗauka daga cikin gari zuwa jami'ar da ke Gidan Kwano. Ɗan Beji ne, Gbagyi ne harshensa na gida, Hausa kuwa a tasha ya tsince ta. A shekarun da kaset ke tashe, kafin waya ta kore shi, duk waƙar da gari ya ɗauka sai ta fara ratsa motarsa kafin ta isa gidan biki. Ɗalibai kan bar mota ta wuce don su shiga tasa. Yana tuƙi yana bin waƙar, da muryar da, tsakani da Allah, ba ta da daɗi ko kaɗan.

Matsalarsa ɗaya, bai san "ke" ba. Mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Duk inda mawaƙi ya ce wa masoyiyarsa "ke", Baba sai ya mayar da ita "kai". Ya dawo da la'asar ya tarar da Mama tana tsintar shinkafa, ya tsaya a kanta yana rera mata. Ita kuwa jikar fataken da jirgin ƙasa ya kawo daga Kano ce, ba a yi mata wasa da Hausa.

"Malam, ni fa mace ce."

"Ai na sani, shi ya sa na aure ka."

Sai ta kai masa duka da mafici tana dariya. Shekara da shekaru tana gyara masa, bai gyaru ba, har na fara zargin da gangan yake yi.

Kwanakin baya na shiga bas ɗin Gidan Kwano, mota cike maƙil amma shiru kamar gidan makoki, kowa ya toshe kunne da tasa waƙar. Da Baba ne, wallahi sai ya faka ya tambaya ko faɗa aka yi. Waƙoƙin yanzu ba za su dame shi ba, shi ba ya raina sabon abu. Rowar ce za ta ba shi haushi.

Tun da ya rasu Mama ta lulluɓe rediyo da zane. Ta ce ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Abin ya daɗe yana ci min rai, domin ba mu taɓa naɗar muryarsa ba, 'ya'yana hotonsa kawai suka sani. Ita kaɗai ta riƙe yadda yake yin waƙoƙin nan, ga shi ta rufe baki, ga tsufa yana matsowa.

A watan jiya 'yata Safiya tana wanke-wanke a tsakar gida, wayarta ta saki ɗaya daga cikin waƙoƙin can, an sabunta mata kiɗa. Na yi saurin yi mata alama ta kashe.

"Bar ta," in ji Mama.

Ta saurara, ta taɓe baki ta ce yaron nan bai iya ba. Sai ta ɗauki waƙar da kanta a hankali, da "kai" a ko'ina, har da tarin da Baba ke yi in numfashi ya ƙare masa. Na zauna a kan turmi, hawaye suka zubo min, ban ma damu da sharewa ba.

An sayar da bas ɗin tuntuni, kaset-kaset ɗin zafi ya lalata su, mawaƙan ma an daina yayinsu. Kuskurensa ne ya rage mana, kuma ranar nan jikarsa ta ji shi da kunnenta.

"Kaka, 'ke' fa ake cewa," in ji Safiya.

Mama ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Ke ki ce 'ke'. Ni da mijina nake."