Ɓargon da Yaya Take Ba Ni

A gidanmu na unguwar Mamobi, ɓargo rabon ƙarami ne. Duk ranar da Mma ta yi miyar ƙashi, Yayata takan buga ƙashin a bakin turmi har ɓargon ya zubo a tafinta, ta miƙo mini. "Karɓi, auta, ko kya yi nauyi iska ta daina ɗaukarki." Haka take tsokanata, don kullum hankalina yana wani wuri, ina kallon inuwar wanki tana rawa a bango.

Shekarar da zan gama sakandare Yaya ta fara gajiya. Ɗinki take yi a wani shago a Nima, sai ƙafarta ta kasa taka keken. Dasashinta yana jini, tabo yana fitowa a hannunta ba tare da ta bige ba. Muka hau trotro, motar haya, zuwa babban asibiti, ni ce tafinta, don Mma ba ta jin Turanci.

Likita ya soka allura a ƙashin ƙugunta ya ɗebi ɓargo. Da sakamako ya fito, ya ce sankarar jini ce, kuma a ɓargo take zaune. Ya ce a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da ba sa zama jini. Aikinsu su riƙe masu zama jinin, su ciyar da su. Haka suke yi wa ƙwayoyin cutar ma, har sukan kare su daga magani.

"Me ya ce?" in ji Mma.

Na tuna yadda marigayi Baba yake kwaso baƙi daga tashar Tudu, ko sunansu bai tambaya ba.

"Ya ce ɓargonta kamar gidanmu ne, Mma. Baƙo ya sauka, masu gida suna ba shi tabarma da abinci, ba su san shi ke cinye 'ya'yan gidan ba."

Mma ta ce, "To, sai a ƙara mata ɓargo mai kyau."

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ji. Maƙwabciyarmu mai sayar da wake da shinkafa ta aiko da ƙashi. Wani mahauci Bazabarme a kasuwar Nima ya riƙa ware mana ƙashin ƙafar sa, yana cewa na mai jiki ne. Na san ɓargon da aka ci ciki yake tafiya, ba ya shiga ƙashi. Sau ɗaya na faɗa wa Mma.

"Ke da bokonki," ta ce. "Likita ya ba ta nasa, ni ma bari in ba ta nawa."

Ban ƙara ba. Gida cike da mutane, kowa yana murna da tukunya, ni kaɗai nake yawo da maganar likita a ƙirjina.

Magani ya sa bakin Yaya ya yi gyambo, haɗiya ta zama azaba. Da Mma ta fita alwala, sai ta turo mini kwanon.

"Shanye, auta. In ta ga saura za ta yi kuka."

"Naki ne, Yaya."

"Tun yaushe ɓargo ya zama nawa a gidan nan?"

Na sha tana kallona tana murmushi. Mma ta dawo ta ga kwano wayam, ta buɗe tafin Yaya tana neman jan jini a ciki. Haka muka yi ta yi, har mata suka fara cewa jinya ta karɓe ni, na yi kumatu.

Da damina Yaya ta rasu.

Bayan an share makoki na bi ta kasuwa. Mahaucin dawowarsa ke nan daga garinsu, bai ji ba. Ya naɗe ƙashi a takarda ya miƙo mini. "Ya mai jiki?" Na karɓa.

Mma ta dafa shi. Ta tsamo shi ta ajiye a gabana, ta shige ɗaki. Na kai shi bakin turmi na buga. Ban taɓa yi da kaina ba, ban san ta inda Yaya take riƙewa ba. Na buga, na sake bugawa, tafina a buɗe, ɓargon bai fito ba.