Saƙon Inna Bai Bi Ta Ƙasa Ba

Shekarar da maigidana ya tashi zuwa Makka, zamanin Turawa, ni kaɗai na san jirgin sama zai hau daga Kano. Ya roƙe ni in kama bakina saboda Inna, uwarsa. Ni da magana ba ta kwana a cikina, sai ga ni da wannan kaya.

Dalili kuwa, mijin Inna ya bar Goronyo da ƙafa tun maigidana yana goye, ya nufi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A wurinmu haka aka san aikin hajji: a yafi juna, mutum ya yi shekaru a hanya, yana noma yana gaba. Inna ta ƙudurta ɗanta zai bi sawun ubansa. Ta ba shi rigar saƙi da ta sa aka ɗinka a Wurno.

"Kowane zango kas sauka ka tambaya," in ji ta. "In ka ishe shi, ka ba shi. In kabari na, ka ba wanda yar rufe shi."

Ya karɓa, kansa a ƙasa. Na ji haushinsa ranar, wallahi.

Damina ce. Kullum muna surfe, Inna tana lissafa masa hanya: yau ya kusa Barno, kafin kaka ya ƙetare Chadi. Ni kuwa na san tuni ya sauka Jidda. Tafiyar da ta cinye surukina, an ce tsakanin fitowar rana da dare jirgi ke gama ta. In ta dube ni, sai in ƙara wa taɓarya ƙarfi. Na rame, mata suna ta zolayata wai kewar miji ce.

Gero bai isa yanka ba motar Sakkwato ta sauke shi. Gari ya ɗauka, yara na ihun Alhaji ya dawo. Inna ba ta fito ba. Shi ya shiga ɗakinta ya durƙusa, na bi shi da ruwa.

"Mi ya faru? Komowa kay yi daga hanya?"

"Na sauke farali, Inna. Ta sama munka bi."

Ya buɗe akwati ya fito da rigar, ninkinta bai ko warware ba. Ta ɗora ta a cinya.

"Garuruwan ga duka, bisa kansu kunka wuce?"

"I, Inna."

"To ko ka leƙa ƙasa?"

Na roƙi Allah a raina ya yi mata ƙarya, ko sau ɗaya. Amma ba halinsa ba ne.

"Ba ni ab bakin taga ba, Inna."